Yadda Ake Hura Na'urar Awon Huhu Don Sakamako Ya Fito Daidai

Tun shigowar hunturu tambaya ɗaya ke ta dawo mini daga masu karatu na Maradi, Tibiri, Madarunfa har Tasawa: lokotoro ya rubuta mini awon numfashi, yaya ake yin sa, kuma me ya sa ake ce wa wasu su koma su sake? Akwai ma masu cewa an yi musu sau biyu, takardun ba su yi kama da juna ba. Awon da ake nufi shi ne sifirometiri, wanda ake rubuta wa mai asma, mai tarin da ya ƙi ƙarewa, mai shan taba, da iyayenmu mata da suka shekara da shekaru gaban murhun itace da kara.

A hoton ƙirji da awon jini, naka miƙa jiki ne kawai, sauran aikin na likita ne. A nan kuwa rabin aikin yana bakinka. Na'urar ba ta ganin huhu, iskar da ka tura mata kaɗai take lissafawa. In ka ja rabin numfashi, sai ta rubuta cewa huhunka ya tsuke. In ka yanke hurawa da wuri, tana iya wanke mai cuta, ta nuna lafiyarsa lau. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

1. Kafin ka tashi daga gaban likitan

Ba kowane CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, ko kilinik ke da wannan na'ura ba, don haka ka tambayi wanda ya rubuta takardar inda ake yi, wace rana, kuma ko sai da randebu. A wurin biyan kuɗi ka tambayi abu uku: kuɗin awon kansa, ko bututun bakin da ake amfani da shi sau ɗaya yana ciki, da kuma ko zagaye na biyu, na bayan fesa magani, kuɗinsa daban ne. Wani wurin za a ce ka zo da Ventoline ɗinka, wato maganin fesawa mai buɗe hanyoyin iska, wani wurin su suke da shi. In kuwa Yamai aka tura ka, tafiya ce ta sama da kilomita 600, ga kuɗin mota, ga masauki. Wanda zai kashe wannan bai kamata ya dawo da takardar da aka rubuta wa "a sake" ba.

Gargaɗi: hurawar tana matsa ƙirji, ciki, kai da idanu da ƙarfi. Ka faɗa tun yanzu in an yi maka aikin ido, kunne ko hanci cikin mako 1 da ya wuce, ko ciwon toshewar jijiyar zuciya ya same ka cikin wannan mako, ko an yi maka tiyatar ƙirji, ciki ko ƙwaƙwalwa cikin mako 4. Haka mai tsohon ciki, mai hawan jinin da bai sauka ba, da wanda huhunsa ya taɓa fashewa iska ta taru a ƙirji. Mai tari da jini, ko tarin da ya kai mako 2 tare da rama da zufar dare, awon kaki ne farko. Ba a sa wanda ake zargin tarin fuka ya hura na'urar da wasu za su hura bayansa.

In mura mai ƙarfi ko zazzaɓin ƙirji ya kama ka dab da ranar, ka sanar. Sau da yawa ɗage awon ake yi har ka warware.

2. Maganin da za a dakatar, da wanda ba za a taɓa ba

Nan mutane ke yawan ruɗewa. In likita yana neman gano ko asma ce, yana son ganin huhun yadda yake ba tare da taimakon magani ba. In kuwa yana son ganin ko maganin da kake sha yana aiki, ba za ka dakatar da komai ba. Saboda haka ka tambaye shi kai tsaye: "Likita, in fesa maganina ranar, ko in bari?"

In ya ce ka bari, ga ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin huhu na Amurka da Turai suka fitar a 2019: salbutamol, wato Ventoline, awa 4 zuwa 6 kafin awo, ipratropium awa 12, masu dogon aiki irin su salmeterol da formoterol awa 24, tiotropium awa 36 zuwa 48. Ka ɗauko kwalayen magungunanka duka ka nuna, kada ka dogara da "wani shuɗi da wani ja".

Gargaɗi: in numfashi ya sarƙe maka cikin waɗannan awoyi, ka fesa maganinka. Kada ka daure don awo. Da ka isa sai ka faɗi ƙarfe nawa ka fesa, su san yadda za su yi.

Mai azumi da ke da damuwa game da fesa magani da rana ya faɗa tun ranar ɗaukar randebu, a daidaita masa lokaci.

3. Koyon hurawar tun daga gida

Wannan matakin ba a cika faɗa wa mutane shi ba, ni kuwa a ganina ya fi saura amfani. Duk wanda ya tashi a gidan da ake girki da itace ya iya hura wuta: a tsuke leɓe, a saki iska sannu a hankali don kada toka ta tashi. Yawancinmu haka muke yi wa na'urar a karon farko, alhali akasin haka take so: baki a buɗe kewaye da bututu, iska ta fashe gaba ɗaya lokaci guda, sannan a ci gaba da matso ragowar.

Ka naɗe takarda mai kauri ta zama bututun da babban yatsanka zai shige cikinsa a sake. Zauna kan kujera, toshe hanci da yatsu, cika ƙirji, hura da iyakar ƙarfinka, wani na ƙirga maka sakan. Sau 2 ko 3 ya isa a zama ɗaya. In za ka raka tsoho ko tsohuwa, ka gwada musu da kanka su gani, domin bayanin baki bai cika shiga ba sai an ga kafaɗa ta ɗaga, fuska ta yi ja. Yaro ma daga shekara 5 ko 6 yakan iya, in an mayar masa da abin gasa.

4. Safiyar awo

Ba taba, ba shisha, aƙalla awa 1 kafin awo. Ba aikin ƙarfi ko gudu cikin wannan awa. Ka karya da abu mara nauyi. Cikin da ya cika da tuwo ko fura yana tokare ƙirji daga ƙasa, sai a bar wajen awa 2 tsakanin babban abinci da awo. Duk abin da ke sa maye a nisance shi awa 8. Ka sa kaya sakakku. Ke kuma Hajiya, zanen da aka ɗaure tamau a ƙirji ko ɗamarar ciki suna rage iskar da za ki iya ja, ki sassauta.

Ka isa da wuri. Wanda ya sauko daga kabu-kabu cikin hazo, yana haki yana tari, aka ce masa "shigo" nan take, ba numfashinsa na kullum za a auna ba. Rufe hanci a hanya, ka zauna ka huta har numfashi ya koma daidai.

Ka zaga bayan gida kafin a kira ka. Hurawa da ƙarfi tana sa fitsari ya zubo wa wasu, musamman matan da suka haihu da yawa, kuma tsoron wannan kaɗai yana sa mace ta riƙe ƙarfinta ba tare da ta faɗa wa kowa dalili ba. In kunyar ma'aikaci namiji za ta hana ki saki jiki, ki nemi mace ta tsaya kusa. Ba abin kunya ba ne, haƙƙinki ne.

5. Tsawo da shekaru

Na'urar tana kwatanta hurawarka da abin da ake sa rai daga mai lafiya mai tsawonka, shekarunka da jinsinka. Don haka a auna tsawo a tsaye, ba takalmi, ba hula, ba rawani, ba ɗaurin kallabi mai tudu. Kada ka yarda a rubuta tsawon da ka faɗa da ka. Wanda bayansa ya ranƙwafa ana auna faɗin hannuwansa a miƙe a maimakon tsawo. Dattawan da katinsu ke ɗauke da shekarar kintace, in an san ta yi nisa da gaskiya, a faɗa wa ma'aikacin.

6. Zama da kama bututu

Zauna a miƙe, ƙafafu biyu a ƙasa ba a harɗe ba, kafaɗu a ɗan baya, haɓa a ɗan ɗage. Fitar da goro, cingam ko tabar baki, ka kurkure. Haƙoran roba in sun zauna daram a bar su, in suna motsi a cire. Za a matse maka hanci da wani ɗan maƙali. In babu, ka toshe da yatsu.

Sa bututun bisa harshe, haƙora su ɗan kama shi, leɓe su rufe shi ruf. Ka tabbata sabo ne aka ɓare a gabanka, ko matacin da ke jikinsa sabo ne.

Gargaɗi: kada harshe ya toshe ramin, kada ka cije bututun har ya lotse, kada gefen baki ya buɗe. Iskar da ta tsere ta gefen baki ba ta shiga lissafi, sai a ga kamar huhun bai ɗauki da yawa ba.

7. Cika huhu

A wasu wuraren za a ce ka yi numfashinka na kullum cikin bututun sau kaɗan tukuna. Yi shi yadda kake yi in kana zaune kana sauraron rediyo. Kada ka soma ja da ƙarfi kana haki don "shiri", jiri kawai zai kawo maka kafin a fara.

Da an ce "ja", ka ja da sauri kuma har ƙarshe. Inda ka ji kamar ka cika, akwai sauran wuri, ƙara ja. Ma'aikacin da ya san aikinsa za ka ji yana cewa, "Baba, ƙara! Ƙara! Saura kaɗan!" Ba ya gaggawar cewa a hura sai ya ga kafaɗu sun tsaya, kai ya ɗan soma rawa.

Rashin cika huhu kuskure ne da ake yawan yi, kuma mai wuyar ganewa a takarda, domin layin da na'urar ke zanawa yakan fito da kyakkyawar siffa, ƙarami ne kawai. Mutum mai lafiyayyen huhu da ya ja kashi uku cikin huɗu sai lambobinsa duka su sauka tare, a ɗauka huhunsa ya tsuke, a tura shi wasu gwaje-gwaje masu tsada a banza.

Gargaɗi: da ka cika, kada ka tsaya riƙe numfashi kana jiran a sake ba ka izini. Jinkirin bai kamata ya wuce sakan 2 ba. Dogon riƙo yana rage ƙarfin fitar iskar.

8. Fashewar farko

Sakan ɗin farko shi ne zuciyar awon. Lambar da ake kira VEMS a takardun Faransanci, FEV1 a na Ingilishi, ita ce yawan iskar da ta fita cikin wannan sakan ɗaya. Mai lafiya yakan fitar da wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na iskarsa a nan, matashi ma fiye. Mai asma ko wanda hayaƙi ya ƙuntata wa hanyoyin iska ba ya iyawa.

Saboda haka babu somawa a hankali sannan a ƙara ƙarfi. Daga cikar ƙirji sai fashewa, da ciki da ƙirji gaba ɗaya, maƙogwaro a buɗe, ba tare da fitar da murya ko gurnani ba. Na'urar tana lura da iskar da ta sulale kafin ainihin fashewar; in ta wuce mililita 100, ko kashi 5 cikin 100 na jimillar iskarka in wannan ya fi yawa, ba a karɓar wannan hurawar.

Gargaɗi: tari cikin sakan na farko yana ɓata hurawar gaba ɗaya. In ka ji kaki ya taru, ɗaga hannu, ka yi tarinka, ka tofar, ka kurɓi ruwa, sannan a fara. Kuma kada ka dunƙule gaba har haɓa ta taɓa ƙirji, hakan na lanƙwasa hanyar iska.

9. Matso ragowar

Bayan sakan 2 ko 3 za ka ji kamar babu sauran komai. Akwai. Iska tana ci gaba da fita siririya, kai ba ka jin ta, na'urar tana gani. Ci gaba da matsawa har sai an ce ka tsaya. Ana tsayar da kai ne in abin da ke fita ya kasa mililita 25 cikin sakan guda, ko in ka kai sakan 15. Yawancin manya masu lafiya sukan ƙare wajen sakan 6, yara kafin haka, mai toshewar hanyoyin iska kuwa yakan kai ƙarshen 15 ɗin bai gama ba.

Ga dalilin da ya sa na damu da wannan mataki ƙwarai. Jimillar iskar da ka fitar, CVF ko FVC, da ita ake raba lambar sakan na farko. Ɗauki misalin wanda ya fitar da lita 2 a sakan na farko, jimillarsa ta gaskiya lita 3.5: rabon ya kama 0.57, toshewa a fili. In ya gaji ya tsaya a lita 2.6, rabon ya koma 0.77, takarda ta nuna ba toshewa. Sai ya koma gida ba magani, ya ci gaba da haki a gona da kasuwa, yana cewa ai an auna an ce ba komai.

Gargaɗi: kada ka saci ƙaramin numfashi a tsakiya, ta baki ko ta hanci, ka ci gaba da hurawa. Wannan yana ƙara jimillar ta ƙarya, ya jawo rabon ƙasa, a ɗora wa mai lafiya cutar da ba shi da ita. Kada kuma ka datse maƙogwaro kamar mai yunƙurin ɗaga buhu. Iska tana tsayawa cak ko da kana jin kana matsawa.

Da an ce ka tsaya, a yawancin na'urori ba a cire baki tukuna: za ka sake ja da sauri har ka cika. Da wannan ake gane ko tun farko ka cika ƙirji da gaske. In abin da ka ja a ƙarshe ya fi wanda ka fitar sosai, to jan farko bai kai ba.

10. Maimaitawa

Ana bukatar hurawa 3 masu kyau, kuma biyun da suka fi girma kada tazararsu ta wuce mililita 150, a VEMS da CVF duka. Ba a cika wuce gwaji 8 ba. Don haka in an ce "a sake", ba faɗuwa ka yi ba, tsarin ke nan. Tambayi abin da za ka gyara: jan ne bai kai ba, farkon ne ya yi sanyi, ko ƙarshen ka yanke? Huta tsakanin kowace hurawa har numfashi ya lafa.

Gargaɗi: ɗan jiri da tari bayan hurawa ba abin tsoro ba ne. Amma ciwon ƙirji, duhun gani ko jin kamar za ka faɗi, ka tsaya nan take ka faɗa.

In umarnin da Faransanci ake ba ka kuma ba ka ji sosai, ka ce, "Don Allah Malam, yi mini da Hausa." Sakan ɗaya na tunanin me aka ce ya isa ya ɓata farkon hurawa.

11. Zagayen bayan fesa magani

Galibi fesa 4 ake yi na salbutamol, jimilla mikrogiram 400, ɗaya bayan ɗaya ta cikin robar shaƙa. Salon numfashin nan daban ne da na ɗazu: fitar da iska a hankali, a fesa sau ɗaya, ka ja sannu har ka cika, ka riƙe sakan 5 zuwa 10. Wanda ya fizgi maganin da ƙarfi, a maƙogwaro yake barin yawancinsa. Sai a jira minti 15 a sake hurawa 3. Rawar hannu da bugun zuciya da sauri na ɗan lokaci sananne ne.

Ka ba zagayen biyu ƙarfi iri ɗaya. In na farko ka yi shi da sanyin jiki, na biyu kuma ka riga ka gane dabarar, bambancin zai fito kamar aikin magani ne, a rubuta asma alhali ƙwarewa ce ta ƙaru.

12. Kafin ka fita da takardar

Tambayi ma'aikacin hurawa nawa aka karɓa. Na'urori da yawa suna ba da darajar inganci daga A zuwa F. A da B abin dogaro ne, F kuwa babu hurawa ko ɗaya da ta karɓu. Dubi zanen: mai kyau yana haurawa tsaye zuwa tsini tun farko, ya gangaro sumul har ya taɓa layin ƙasa. Mai kai a dakushe kamar tudu, mai tsalle-tsalle, ko wanda ya yanke ya faɗo tsaye, alamar matsala ce a hurawar. Duba kuma ko an rubuta tsawonka da shekarunka daidai. Gyara a ranar ya fi sauƙi a kan sabon randebu da sabon biya.

Rabon da ya kasa 0.70 bayan fesa magani shi ne ma'aunin da ake yawan amfani da shi wajen cutar toshewar huhu mai ɗorewa, amma fassarar ta likita ce, da tarihinka da abin da ya ji a ƙirjinka. Kada ka sayi magani ko ka bar magani a kan lambar da ka karanta da kanka.

13. In wani awon aka ƙara maka

A awon shigar iska cikin jini, wanda ake rubutawa DLCO, za ka fitar da iska duka, ka ja har ka cika, ka riƙe sakan 10 jiki a sake, ba yunƙuri, ba ƙoƙarin ƙara ja, sannan ka fitar a natse. A na cikin akwatin gilashi kuwa, hannuwa a kumatu, za ka yi ɗan haki mara zurfi, wajen sau ɗaya a sakan, lokacin da bututun ya rufe na ɗan lokaci. Kada ka firgita ka ja da ƙarfi.

Mai asma da aka ba ƙaramin ma'aunin gida, wanda allurarsa ke tafiya in an hura, nasa gajeruwar fashewa ce kawai, ba sai ya matso ragowa ba. Mayar da allurar sifiri, kada yatsa ya tare hanyarta, cika ƙirji, hura sau 3, rubuta lambar da ta fi girma a karne. A yi shi lokaci ɗaya kullum, safe da yamma, kafin fesa magani, kuma a zaune ko a tsaye, wanda aka zaɓa a dawwama a kansa. Ranar komawa wurin likita a tafi da karnen, da takardar awon baya, da magungunan duka.